Teburin da Ke Kallon Bango

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin gaggawa na asibitin nan ya san Sista Rediyo, in bai ga fuskarta ba ma ya ji muryarta. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai saurin ƙafa. 'Yar tela ce, ta tashi a shagon ubanta inda keke ke ƙara baki ma na ƙara, ta kuwa kwaso halin tsaf. Mijinta, wani malamin makaranta shiru-shiru, yakan ce shi tun da ya aure ta bai sake sayen batir ba.

Surutun nan shi ne rabin aikinta. Da can, in an kawo mara lafiya, sai ta zauna a bakin gado ta ɗora fayil a cinya, tana rubutu tana faɗin abin da take rubutawa da ƙarfi: jininka ya hau, zazzaɓi ya yi yawa, yanzu za a kira likita, kai kuma ɗan'uwansa ka je ka samo ruwan sha. Mutum zai shigo a fusace kamar zai ci babu, kafin ta rufe fayil ya zauna yana ba ta labarin yadda ciwon ya soma. Ta tsufa a ɗakin nan ba wanda ya taɓa nuna mata ɗan yatsa.

Da aka kawo kwamfuta ba ta cikin masu gunaguni. 'Yarta ta koya mata a gida, ta riƙa dannawa da yatsa biyu har ta iya. Ta ma ji daɗin abin, don fayil ya daina ɓata, an huta da rubutun likita mai kama da tafiyar kiyashi, kuma kana neman magani ko jini, kana dannawa saƙon ya isa can. Sai dai wani mai hikima, Allah ya shirye shi, ya kafa teburin a lungu yana kallon bango, saboda a nan soket yake kuma wayar gajeriya ce. Duk wanda zai yi rubutu dole ya juya wa gadaje baya. Ga shi ita ba ta iya haɗa dannawa da magana, da ta zauna sai ta cije leɓe ta yi tsit. Ta kai ƙara wajen shugabar ma'aikatan jinya, aka ce za a sayo doguwar waya. Haka aka yi ta cewa.

Wata rana da azahar wani mai walda ya faɗo ɗakin ɗauke da matarsa a kafaɗa. Tifa ce ta buge su a kan babur, shi ya tsira da ƙujewa, ita cinyarta ta tsage, jini na ɗiga daga zaninta har bakin ƙofa. Ƙato ne, hannayensa duk tabon wuta, yana kuka ba ya ma sanin yana yi. Sista Rediyo da wata ƙaramar nas da take kira ƙanwata suka kwantar da matar, suka ɗaure cinyar, suka sa mata ruwa. Likita ya duba, ya ce jini ake so yanzu-yanzu, ya ruga ya shirya ɗakin tiyata. Ɗakin ajiyar jini kuwa ba sa sakin ko leda ɗaya sai saƙo ya zo musu ta kwamfuta.

Ta tafi lungunta da gudu ta zauna. Abin da ya kamata ta faɗa kafin ta zauna bai fi numfashi ɗaya ba, cewa jini za ta nemo wa matarsa. Sauri ya sa ba ta faɗa ba. Ta sa lambar sirri, ta shiga neman shafin, abin ya tsaya yana juyawa yadda ya saba in an fi bukatarsa.

Abin da mai walda ya gani daban ne. Likita ya fita, idon matarsa na kakkafewa, babbar nas kuma ta juya musu baya tana latse-latse. Ya kira ta. Ta ji shi, ta ɗaga hannu ɗaya ba ta waiwayo ba, nufinta ya yi haƙuri saura kaɗan. Shi kuwa ya ɗauka kora ce irin wadda ake yi wa ƙuda.

"Sista, matata na mutuwa kina wasa da wannan abin?"

Shafin ya buɗe daidai lokacin, ta duƙa a kai. Zuciya ta ɗebe shi. Ya fizgi ƙarfen da ake rataya ledar ruwa daga gadon da ba kowa, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke mata a gefen kai. Ta kifa kan teburin. Ya ƙara, ta tare da hannu, aka ji ƙashin ya ce ƙas. Na ukun ya sauka a kan kwamfutar, gilashi ya tarwatse, kwamfutar ta faɗo ƙasa tana hayaƙi. Saƙon bai tafi ba.

Ɗaki ya kacame. Masu gadi suka shigo da kulake, 'yan jinyar wasu gadaje suka taya su, aka kayar da mai walda a bakin ƙofa aka rufe shi da duka. Ana taka shi, ana ƙwala masa kujera, har wani tsoho da ya zo da ciwon ƙafa ya miƙa sandarsa ya ɗana. Bakinsa ya fashe, haƙoransa a kan siminti, yana ta kiran matarsa. Babu wanda ya ƙara kallon gadon matar sai ƙaramar nas, wadda ta danne cinyar da hannu biyu.

Sista Rediyo ta miƙe da ƙyar. Ido ɗaya ya rufe da jini, hannun dama na lilo. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga haushi kamar ta fashe. Amma ta san ɗaya kwamfutar tana can wani ɗakin, kuma kafin ta sake farawa da hannun hagu an makara. Ta nufi ƙofa, ƙofa a toshe da masu duka. Ta buɗe muryar nan tata duka.

"Ku matsa! Ku kashe shi daga baya in kun ga dama, matarsa jini take jira!"

Da ƙyar suka buɗa mata, ta tsallake ƙafafun mutumin da ya fasa mata kai, ta bi doguwar baranda tana dafa bango. Mai kula da ɗakin jini ya buɗe baki zai ce bai ga saƙo ba, sai ya dubi fuskarta ya haɗiye maganar. Ta faɗa masa abin da ake so da baki, ya ɗauko irin jinin da ake sa wa kowa in an matsu, ya riƙo ta suka dawo tare. Ta tsaya har ta ga an rataya ledar, jan abin ya gangaro cikin roba ya shiga hannun matar, aka tura gadon zuwa tiyata. A nan ta yanke jiki ta faɗi.

Ta farka da la'asar a ɗakin mata, kai a naɗe, hannu cikin filasta. Mijinta na zaune a gefe ya riƙe takalminta a cinya, idonsa jawur. Ya ce 'yan sanda sun tafi da mutumin, kuma likita ya ce idon zai yiwu ya dawo, zai yiwu ya ƙi. Ba ta bi ta kan wannan ba. Ta hango ƙaramar nas ta zo duba ta, ta tambaye ta matar mai walda fa.

Yarinyar ta ce bari ta duba. Ta je teburin ɗakin, wanda shi ma bango yake kallo, ta zauna ta danna. Sista Rediyo ta zuba wa bayanta ido ɗaya. Ta ga yatsun sun tsaya, ta ga kafaɗun sun sauka. Fushi ya taso mata, ta ji da akwai ƙarfe kusa da hannunta mai lafiya da ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

"Ƙanwata, juyo ki dube ni ki faɗa."

Yarinyar ta juyo, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Anti, ta rasu a kan tebur. Likita ya rubuta jinin ya zo a makare."

Sista Rediyo ta yunƙura ta tashi zaune. Ta tambaya ko an gaya wa mijin matar. Aka ce ba wanda ya je, kowa na jin haushinsa. Ta ce wa mijinta ya sa mata takalmin.