Sunan da Ashafa Ya Ara

Na daɗe a bakin kasuwar Makarfi ina rubuta wa mutane wasiƙa, kuma in ka tambaye ni wanda ya fi shanye mini tawada, ba sai na yi tunani ba. Jumare ne, mutumin Malikanchi ta ƙasar Ikara. Manomi ne, dogo, mai faffaɗan tafin hannu, dawa da gyaɗa yake yi, da rani kuma ya bi gidaje yana yi wa mutane jinka. Ba shi da surutu. Ranar kasuwa zai zo ya tsuguna gaban teburina, mu gaisa har mu ƙure gaisuwa, sannan ya ce, "Malam, a sake rubuta musu."

Su biyu ne wurin uwarsu Mero, shi da ƙaninsa Ashafa. Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, labari ya zo ana ɗibar soja a Zariya, Ashafa ya kafe sai ya tafi. To, bai kai shiga haraji ba, ba shi da wata takarda da zai nuna. A ƙauyukanmu kuwa a lokacin, takardar haraji kamar fartanya take. Mai tafiya ya ara wurin ɗan'uwansa don kada ɗan doka ya tsare shi a hanya, in ya dawo ya mayar. Babu mai ganin laifin haka. Jumare ya zaro tasa daga cikin hula ya miƙa masa, ya ce ya kula kada ruwa ya taɓa ta. Magatakardan soja ya duba takarda ya rubuta abin da ya gani. Ashafa ya ji ana kiran Jumare, ya yi ta amsawa, don yana tsoron in ya yi gardama a koro shi gida.

Bayan wata goma sha huɗu takarda ta iso wurin dagaci, cewa Jumare Malikanchi ya rasu a bakin daga, an binne shi can kudu. Aka je gona aka kira Jumare, aka karanta masa mutuwarsa yana tsaye da laka a ƙafa. Har da masu dariya a zauren, Allah ya shirye su. Shi kam nan take ya gane Ashafa ne. Ya nemi ƙasa ya zauna, ya daɗe bai tashi ba.

A ƙauye babu wanda ya ruɗe. Liman ya yi sallar gawa ba gawa, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, duk da sunan Ashafa. Mero ce abin ya tsaya wa a rai. Ta ce gwamnati ta ɗauke mata ɗa, ko sunansa ba ta sani ba. Kuma ina laifinta? Yaro bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, babu kabarin da za a nuna, ko hoto babu. Abin da ya rage masa a duniya layi ɗaya ne a littafin soja, shi ma na wani ne. Jumare ya yi mata alkawari sai an rubuta sunan Ashafa a wurin.

Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta masa cikin shekara uku. Na yi da Hausa, na yi da ɗan Turancin da na tsinta a elemantare, na yi lallashi, na yi magiya. Sau ɗaya aka amsa, wai a yi haƙuri, Jumare Malikanchi ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ba zai yiwu ya rubuto wasiƙa ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, kuma maimakon in huce a kan masu amsar, sai na huce a kansa. Na ce, "Kai ma dai da taurin kai kake. Allah ya san wanda ya mutu, ba ya isa ba?" Ya ce, "Ya isa, Malam. Amma ni na ba shi takardar." Na ji kunya har na rasa inda zan sa idona, na jawo wata takarda muka fara ta goma sha biyu.

Bayan yaƙi ya daɗe da ƙarewa, aka yi shela za a taru a Zariya a karanta sunayen waɗanda ba su dawo ba, a gaban iyalansu. Jumare ya ce wannan karon da ƙafarmu za mu kai wasiƙar. Muka hau motar gyaɗa, muka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan har azahar, kowa ya ce ba nan ba ne. Daga ƙarshe aka haɗa mu da wani Sajan Ilisha, mutumin kudancin Zariya, wanda ya baro hannunsa na hagu a yaƙin. Shi kaɗai ya ba mu kujera. Ya saurari labarin tun daga hula har zuwa zauren dagaci, sannan ya tashi ya tura ƙofa.

Ya ce, "Malam Jumare, ina iya kai wasiƙar nan sama yau ɗin nan. Amma gara in faɗa maka gaskiya, ba gyara za su yi ba. Da zarar sun tabbatar cewa da takardar wani ya shiga, cewa za su yi bai taɓa zama soja ba. Za su ja layi a kan sunan, kuma ba za su rubuta wani ba. Kai ma ƙila su tsare ka."

Jumare ya ce, "Tsarewa ba komai ba ce. Amma share shi za su yi?"

"Share shi za su yi."

Jumare ya dubi wasiƙar a kan tebur. Can ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya yi wa sajan godiya. Muka nemi mota muka koma Makarfi.

Ranar taro Mero ta ce ko a goye ne sai an kai ta. Jumare bai gaya mata yadda aka yi ba. Lokacin ta tsufa sosai, kunnenta ya yi nauyi, sai an sunkuya an ɗaga murya take ji. Na bi su don in taya shi riƙe ta. Tun hantsi muke tsaye a fili cikin rana, mata da tsofaffi birjik, wasu da 'ya'ya a goye. Aka busa begila, manya suka yi jawabi mai tsawo, sannan wani hafsa ya fara karanta sunaye a lasifika. Ana cikin mutanen ƙasar Ikara sai na ji ya ce, "Jumare Malikanchi." Da aka gama, wani liman ya roƙa musu gafara, Jumare ya ɗaga hannu ya ce amin tare da kowa.

Mero ta ja hannun rigarsa ta ce, "Kai, sun faɗi nasa?"

Ya sunkuya wajen kunnenta. "Sun faɗa, Inna."

"Ashafa suka ce?"

"Ashafa suka ce."

Ta juyo wajena. "Malam, kai ne mai ilimi. Ka ji da kunnenka?"

Jumare bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, gumi na bin wuyansa. Na sunkuya na ce, "Na ji, Inna."

Ta shafa addu'a a fuska, ta ce to alhamdu lillahi, mu tafi gida, ƙafafunta sun gaji.