Ƙwayoyin Sukari Uku a Murfin Kwalba

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare kyanwarmu ta daina cin abinci. Damina ce, katangar gidanmu a Tudun Wada ta yi kore. Kwana huɗu tana kwance ƙarƙashin randa, ƙasusuwan bayanta na ƙara fitowa. Inna ta ce za ta ci ciyawa ta warke. Ni dai ina ganin mutuwa za ta yi, amma na kasa faɗa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta sa muka saka ta a kwando muka hau keke zuwa Gyallesu. Can akwai wata Hajiya, tsohuwar malamar asibiti, da ta koyo wani magani a Indiya, wai shi homiyofati. Ɗakinta babu turare, don ta ce ƙamshi na kashe maganin. Ƙananan kwalabe ne jere a akwatin katako, cike da fararen ƙwayoyi kamar gero. Hasken taga na ratsa su, sai na ga kamar ɗakin na shawagi.

Ba ta taɓa kyanwar ba. Tambaya ta shiga yi. Sanyi take so ko ɗumi? Tana tsoron tsawa? Ta wane gefe take kwanciya?

Gwaggo ta yi dariya. “Hajiya, kyanwa ce fa, ba baƙuwa daga Makka ba.”

Kaina a sunkuye na ce ta dama take kwanciya, in za a yi ruwa kuma tana shiga bayan buhun masara tun kafin hadari ya haɗu.

“Ashe kina magana, 'yan mata,” in ji Hajiya, tana rubutawa.

Ta ba ni kwalba ɗaya, ta ce in zuba ƙwaya uku a murfi, kada hannuna ya taɓa su, in narkar a ruwa, in buga kwalbar ruwan a tafina sau goma, sannan in ba kyanwar. Na lasa ɗaya a hanya. Zaƙin sukari kawai na ji.

Kwana biyu ina yi, kafin makaranta da bayan la'asar. Nakan zuba wa ƙwayoyin ido suna narkewa, ina tunanin inda suke tafiya. A aji ma ƙarar ruwa a kan kwanon rufi sai ta zame min bugun kwalba. Kyanwa kuwa ba ta ci komai ba.

Da muka koma, Hajiya ta ce, “Me kika gani?”

Na ce tana zuwa gaban kwano da ɗoki, sai ta ja baya. Miyau ta hagu kawai yake zuba, kuma tana kai ƙafa wajen.

Hajiya ta rufe akwatinta. “Wannan ba aikin kwalabena ba ne. Ku wuce asibitin dabbobi yanzu.”

Likitan ya naɗe ta da tawul, ya haska bakinta, ya zaro wata siririyar ƙaya da ta soke a can ciki. Ya ba mu maganin kumburi, ya naɗe min ƙayar a takarda.

Washegari kyanwa ta lashe koko, a hankali, idonta a lumshe. Inna ta ɗaga ƙayar tana dubawa a rana, sannan ta juya ga kyanwar.

“Ta kifi ce. Ashe ke kika buɗe min tukunya, ina ta zargin 'ya'yan mutane.”

Ta ɗauki ludayi ta ƙara mata kokon.