Filin da Muka Hana Tsofaffin Sojoji

A wani ɗaki a unguwar Al Karama ta Dubai muka taru, mu 'yan gari ɗaya, da muka ji gwamnati za ta gina gidan kula da tsofaffin sojoji a garin da ya ba da fili. Na ce mu haɗu mu sayi filin, ko yaranmu sa samu aiki. Shugaban ƙungiyarmu ya dire kofin shayi ya ce, "Malama, mu ba ma kai iyayenmu riƙo. Abin kunya ne. Khalas, magana ta ƙare."

Garin maƙwabta ya ba da fili, har kwalta aka ja musu.

Ni kuwa ina nan Dubai ina aikin jinya, kullum ina juya uban wani a kan gado. Nawa uban, tsohon soja, yana can gida kwance, babu mai juya shi. To, mun dai tsira da mutuncinmu.