Ranar da Turai Ta Haɗa Kwamfutar Alhaji Maharazu

Turai ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba ta. Ni ne Ari mai wankin hula a Gwammaja. In ka taɓa bi ta titinmu ka ga huluna jere a rana a kan gungume, to rumfata ce. Kakanmu na wajen uwa daga Borno ya zo fatauci ya zauna, shi ya sa har yau in ran Inna ya ɓaci da Barbarci take mana faɗa. Mu ba ji muke ba, sai dai mu yi ta cewa to.

Matan gidanmu ɗinkin hula suke yi, Turai kuma tun tana shekara shida ta kama allura. Ba ta da surutu. Za ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna tana ƙirga zare, ka yi mata magana sau uku kafin ta ɗago. Halinta guda ɗaya da ya ishi kowa: in ta kusa gama hula ta gano ta tsallake zare ɗaya tun a farko, sai ta warware duka. Gwaggo Mero, ƙanwar marigayi Baba da katanga ɗaya ta raba mu, ta sha cewa wanda zai sa hular ba zai gani ba. Turai ta ce ai ita ta gani.

Ni da ƙyar na kai aji shida na firamare, na gudu wajen sana'a. Ita ta zarce har ta gama sakandare, ta kuma yi wata shida a wata makarantar koyon kwamfuta can wajen Ƙofar Kabuga. Ta dawo da takardar shaida mai hatimin zinare, Inna ta sa a ƙasan akwati, Turai ta koma kan allurarta. Aiki dai babu.

Ana nan soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Garin ya cika da takarda. Kowane kansila yana son wasiƙa mai sunansa a sama, kowace ƙungiya tana son ta taya wani murna, ga ɗaliban jami'a da rubutunsu na gama karatu. Alhaji Maharazu, wanda ke sayar da atamfa a Kwari, shekara goma sha ɗaya ina wanke masa huluna, ya kama shago a Kabuga zai buɗe wajen buga takardu. Wani ya ba shi shawara kada ya sayi kwamfuta haɗaɗɗiya, ya sa a kawo masa kayanta daga Ikko gunduwa-gunduwa a haɗa a nan.

Ran Alhamis da ya zo karɓar hulunan Juma'a yake ba ni labari. Ban san lokacin da bakina ya ce ai ƙanwata ta iya ba. Ya dube ni, ya ce akwai wani mai difiloma da zai zo daga Kaduna ran Asabar, ya haɗa, ya kuma riƙe shagon. Amma tunda ban taɓa ɓatar masa da hula ko ɗaya ba, zai aiko da kwalayen gidanmu. Gobe bayan la'asar zai zo. In ya tarar tana aiki, shago na Turai ne ta riƙe. In bai tarar ba, a mayar masa da kaya cikin kwalayensu, mutumin Kaduna ya zo ya yi abinsa.

Na shiga gida ina washe baki. Turai ta ajiye allura ta ce, "Yaya Ari, wa ya ce maka na taɓa haɗawa?"

Ashe a makarantar tasu bugawa aka koya musu. Sau ɗaya tak malaminsu ya buɗe cikin wata, su ashirin da wani abu suka yi cincirindo suna leƙe. Ita dai ta samu ta zana abin da ta gani a bayan littafinta. Na ce to ai shi ke nan, wanda ya zana ya iya. Ta yi mini wani kallo, ta tashi ta je ta ciro littafin.

Da safiyar Juma'a na sallami masu huluna da wuri na rufe rumfa. Inna ta share ɗakinta ƙal, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo kaskon turaren wuta ta ajiye a tsakiya, don a gidanmu ba a tarbar baƙo ɗaki ba ƙamshi. Sai da Turai ta haɗa ta da Allah, ta ce hayaƙi zai ɓata kayan, kafin ta fitar da shi. Gwaggo Mero ta shigo da kujerarta 'yar tsugunno. Da kwalayen Alhaji suka iso aka zaro wani koren faranti mai ƙananan abubuwa birjik a kansa, Gwaggo ta ce wannan ai Kano ce in ka hau Dala, har ta nuna inda gidanmu yake. Turai kuma kafin ta taɓa komai sai ta cire awarwaro ta dafa ƙarfen taga, wai don kada wutar jikin mutum ta ƙona kayan. Gwaggo ta tambaya ko alwalar injin ke nan.

Turai ta jera komai a kan tabarma, kowane da kwalinsa a gefe, ƙananan kusoshi a cikin marfin kwano. Sai Inna ta ce ba mai fara aikin mutane da yunwa a gidanta, ta ja ta kicin shan koko, Gwaggo ta bi su. Turai ta waiwayo daga bakin ƙofa ta ce kada kowa ya taɓa. Ni ban sa kaina cikin kowa ba, tunda ni na kawo aikin.

Akwai wani ƙarfe fari mai haƙora kamar matajin kai, da 'yar fanka a bisansa. Na ɗauka ina juyawa, sai na ga a ƙasansa wani dabbare mai ruwan toka, mai danƙo, daidai faɗin kan sarki na wasiƙa. Raina ya ɓaci. Na ce mutanen Ikko sun cuci Alhaji, sun sa masa tsohon kaya ko gogewa ba su yi ba. Mu a sana'armu, abin mutum ba ya fita daga hannunka da tabo, ko ba kai ka sa ba. In ya gani sunanka ne ya ɓaci. Ga shi yau sunan Turai ne a kai.

Na je na ɗauko buroshina na bakin hula, wanda nake cire maiƙon goshi da shi. Na san dai ba a jiƙa kayan wuta, saboda haka fankar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ƙasan kawai na bi da 'yar kumfa, na kankare da farce, na goge da tsumma, na shanya a kan katanga minti biyar. Ya fito yana ɗaukar ido, har fuskata na gani a ciki. Na mayar da shi inda yake na zauna na naɗe hannu.

Ta dawo ta fara. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar hannun Turai a ranar ba. Tana duba littafin da ya zo cikin kwali, tana duba zanenta, tana ƙirga ƙananan ƙusoshin waya da bakin allura kamar yadda take ƙirga zare. Wani ɗan abu mai kusurwa huɗu ta ɗauka da yatsa biyu ta ce shi ne ƙwaƙwalwar, ta kwantar da shi a gurbinsa, ta ɗora ƙarfen nan nawa a kai ta maƙale. Na ji daɗi a raina. Wajen sha ɗaya ta rufe akwatin injin, ta jona allon kallo. Allah ya taimake mu ranar wuta ta zauna. Ta yi bisimilla ta danna.

Ya yi ƙara ɗaya, ƙit, rubutu ya fito fari a kan baƙi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta fita ba takalmi ta gaya wa lungu.

Turai ta sa wani faifai da ta ce shi zai koya wa injin aiki. Ya fara, ya yi nisa kaɗan, sai komai ya tsaya cak. Ta danna nan ta danna can, ko motsi. Ta kashe ta kunna, ya sake tsayawa, wannan karon ma bai kai inda ya kai da farko ba. Na uku haka. Gwaggo ta dawo ta ga fuskoki, ta sake fita ta gaya wa lungu wannan ma.

Lokacin masallaci ya yi na tafi, na yi mata addu'a iyakar iyawata. Da na dawo na tarar ta kwance komai, kaya sun koma kan tabarma kamar da safe, ita tana zaune a tsakiya idonta ja. Ta ce ta bi kowace waya sau biyu ba ta ga kuskurenta ba. Ta ce gara a fara mayar da kaya kwali tun kafin Alhaji ya zo, kada a haɗa masa da ɓarna. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonta.

Na ce bari in kwantar mata da hankali. Na ce ta yi haƙuri, laifin 'yan Ikko ne, kayan nasu tsoho ne. Ba dai datti ba ne ya hana shi aiki, don dattin da ke ciki guda ɗaya ne kuma na wanke shi.

Ta ɗago a hankali. "Wane datti, Yaya?"

Na nuna mata. Ta juya ƙarfen ta ga yana walƙiya. Ta buɗe littafin kwalin, ta yi ta bin shafi da yatsa, ta tsaya a wani hoto. Sai ta rufe fuska da littafin, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take ko dariya ba.

Ashe dabbaren nan da gangan aka sa shi. Shi ke kwashe zafin ƙwaƙwalwar ya miƙa wa ƙarfen, fanka ta hure. In babu shi, sai abin ya yi zafi ya sume. Inna ta juya harshe zuwa Barbarci, ta daɗe tana yi. Ranar ko to ɗin ban iya cewa ba.

Turai ta ce ta taɓa ganin masu gyaran amsa-kuwwa suna shafa wani farin mai a bayan ƙarafunan cikinta, aikinsu ɗaya. Nan na tuna da Malam Isyaku na Ƙofar Na'isa, mai gyara lasifikar masallatai. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce. Na hau keke, hanya cike da masu dawowa daga masallaci, na yi ta kutsawa ina ba da haƙuri. Shagonsa a rufe. Aka ce yana wani masallaci a bayan layi yana naɗe waya, can na same shi a kan tsani.

Na gaya masa komai ban rage ba. Sai da ya sauko daga tsanin don kada ya faɗo saboda dariya. Ya tambaye ni ko na sa masa sitati. Ya buɗe jakarsa ya matso mini farin man a marfin kwalbar lemo, sannan ya cire hular kansa, wadda bakinta ya yi baƙi ƙirin, ya danƙa mini. Ya ce tunda hannuna ƙaiƙayi yake, ga inda ake bukatarsa.

Na dawo da marfin a tafin hannu kamar na ɗauko ƙwai. Turai ta karɓa. Ta lakato ɗan kaɗan, bai kai ƙwayar dawa ba, ta shafe shi siriri da gefen kati, ta sake haɗa komai daga farko. Wannan karon ko littafin ba ta duba ba. Ana kiran la'asar ta danna, faifan ya fara, ya wuce inda yake tsayawa, ya ci gaba.

Alhaji ya iso faifan bai gama ba. Na tare shi a soro na shimfiɗa masa darduma, na yi ta jan sa da hira, tun daga farashin atamfa har zancen sabon shugaban ƙaramar hukuma. Ya bar ni na gama, sannan ya ce tun daga bakin titi aka gaya masa injin ya suma sau uku. Na ce haka ne, kuma ni na sumar da shi. Na ba shi labari. Bai yi dariya ba, ya ce a fito da shi ya gani.

Da yake baƙo namiji ba ya shiga cikin gida, sai da faifan ya gama muka jawo waya har soro muka ɗora injin a kan benci. Turai ta fito da mayafinta ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce ta rubuta masa wasiƙa zuwa ga wani abokin cinikinsa a Kwatano, yana faɗa tana bugawa, ba ta ko kallon yatsunta. Ya sa ta ƙara wa sunansa girma, ta ƙara. Ya sa ta mayar, ta mayar. Daga nan ya ce ba abin da za a sake taɓawa, a bar shi a kunne kawai, a ga ko zai sake suma. Ya ciro carbi ya jingina da bango.

Muka zauna muna kallon allo, 'yar fankar nan tana ta ƙara. Ina jin numfashin Gwaggo a bayan ƙyaure. Lokaci-lokaci Alhaji ya ce a motsa, Turai ta motsa 'yar na'urar da ke hannunta, kibiyar da ke kan allon ta bi. Fiye da awa ɗaya muna haka, har rana ta sauka daga kan katangar maƙwabta.

Ya miƙe ya kaɗe riga, ya sa hannu a aljihu ya ciro mukullai biyu a ɗaure da zare, ya ajiye a kan benci kusa da ita.

"Malama Turai, ƙarfe takwas ake buɗewa. Na Kaduna zan aika masa ya sha zamansa."

Ta ce Allah ya saka da alheri, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Sai da motarsa ta bar lungu ta zauna daɓas a ƙasan soro.

Washegari a baro na tura injin har Kabuga, an lulluɓe shi da zanen Inna, Turai tana biye da mukullai a hannu. Duk wanda ya tambaye ni mene ne, na tsaya na gaya masa ƙanwata ce ta haɗa, shi ya sa muka makara da kusan rabin awa. Mun tarar da mutum biyu a bakin shago suna jira, ɗaya da takardar neman aiki, ɗaya sakataren ƙungiyar masu sayar da itace. Ta buɗe ƙofa, ta tambaye su wa ya riga zuwa.