Irin Albasar da Aka Dawo Min da Shi

Irin albasa ba ya nuna mutuwarsa. Mai rai da matacce duk baƙaƙe ne, duk ƙanana, in ka zuba su a tafin hannu ba za ka bambanta su ba. Tun ina yaro na san haka, domin sana'ar gidanmu ke nan. Mukan zaɓi manyan albasa mu ajiye, mu sake binne su, su fid da kai su yi fure, mu yanke, mu shanya, mu sussuke, mu sheƙe. Abin da ya fito shi ne irin da mutanen yankinmu suke yafawa a ƙarshen damina don noman rani a ƙasan dam ɗin Watari. Ba ya jure ajiya. In ya tsufa, sai zubarwa.

Mahaifina ba ya sayar da iri sai ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a gindin randa. Bayan 'yan kwanaki ya kwance. In ya ga fararen saiwoyi sun leƙo, to sai ya auna wa mutane. Na gaji wannan, na riƙe shi har na yi furfura.

Mijin 'yata, wanda yake koyarwa a Dawakin Tofa, shi ya buɗe min shago a wata kasuwa ta intanet. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina karanta saƙo, abin da ya fi ƙarfina kuma in yi shi da murya. Tsarin kasuwar shi ne su riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa hannunsa. In ya ce bai gamsu ba, ya dawo da kayan su mayar masa da kuɗinsa. Da aka yi min bayani na ce ai wannan adalci ne. Na yi shekaru ina aika iri garuruwan da ban taɓa takawa ba, babu wanda ya taɓa dawo min da ko cokali ɗaya.

Sai wata shekara, ana gab da ɗauke ruwa, wani mutum ya sayi iri mai yawa, wanda zai ishi babban fili. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, hoton masallaci ne a shafinsa. Muryarsa kuwa na ji ta har na gaji. Ba ya fara magana sai ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya yi wa iyayena addu'a. "Baba, Allah ya ƙara girma. Irinku ne ginshiƙan al'umma. Mu yara muna koyi da ku." Na ɗura masa iri a jakar atamfa yadda na saba, na sa a leda, na kai wa masu kai saƙo.

Ba a jima ba sai ga muryarsa. "Baba, ka yi haƙuri, ka gafarce ni. Yayana ya riga ya sayo wani ban sani ba. Wallahi ko buɗewa ban yi ba. Ina jin nauyinka ƙwarai." Na ce ba komai, Alhaji, ciniki ai rabo ne. Kaya suka dawo, aka mayar masa da kuɗinsa.

Da na karɓi jakar na ga ƙullin ba nawa ba ne. Ni ina naɗa igiya ne in soke bakinta ta ƙasa, wannan kuwa ɗaurin zarge aka yi. Na gani da idona. Na kwance, na sa yatsu na ɗebo daga sama, na murje, na shinshina. Warin albasa ya bugi hancina yadda sabon iri yake yi. Na ce wa kaina watakila masu kai saƙo ne suka duba. Na mayar na ɗaure.

Ina nan zaune a zaure da jakar a gabana sai ga taubashina ya yi sallama. Ɗan ƙanwar babana ne, tare muka tashi, kuma tun muna yawo ba wando kowannenmu yake cewa ɗayan bawansa ne. Har muka yi jikoki ba a raba gardamar ba. A shekarar ruwa ya kwanta masa a gona, gero da dawa duk suka lalace. Ya sayar da sansa na huɗa ya kama hayar fili a Watari. Albasar da zai noma ita ce abincin gidansa har wata damina.

"Bawa, tashi ka auna wa ubangidanka iri," in ji shi.

"Ka makara, malalaci. Iri ya ƙare tun kana barci."

"Wannan fa da ka rungume kamar amarya?"

"Wannan yawon duniya ya je ya dawo. Ya fi ka wayewa, ya shiga mota mai sanyi."

"To miƙo shi nan. Ni ma ya ba ni labarin birni."

Ya tambaye ni ko sai an sa a tsumma. Da wasa ya yi tambayar, yana dariya, domin ya san halin gidanmu. Na ce wane tsumma, irin da na gwada da hannuna kafin in aika? Lokaci yana tafiya, kowa ya riga ya yafa nasa. Gaskiyar magana kuma ita ce na ji daɗin samun mai ɗauka nan take, ban so jakar ta kwana a ɗakina ba. Ban gaya masa maganar ƙullin ba. Ya saɓa a kafaɗa ya fita yana cewa in albasa ta yi zai 'yanta ni.

Ya gyara fangalinsa ya yafa, ya rufe da ciyawa, yana ban ruwa safe da yamma. Lokacin tsiro ya yi. Na je na gani. Tsilli-tsilli ne, nan ɗaya can ɗaya, kamar gemun ɗan saurayi. Da babu ko ɗaya da ya fi mana, domin da tun a ranar mun san abin da ake ciki mun nemi wani irin. Amma 'yan tsirarun nan suka riƙe mu. Muka ce ƙasar ce ta yi sanyi, sauran suna tafe. Ya ci gaba da ɗibar ruwa yana zuba wa matattu. Kafin mu haƙura, na maƙwabtansa ya kusa isa dashe, kuma iri mai kyau ya ƙare a ko'ina.

Akwai ragowa a gindin jakar da bai yafa ba. Na karɓo na zo gida na juye a ƙwaryar ruwa. Sabon iri nutsewa yake yi. Wannan ya taso ya rufe saman ruwan, fankam fayau, babu komai a cikinsa. Ruwan kuma ya yi baƙi. Na sa hannu na lalubo gindin ƙwaryar, na ɗebo dakakken gawayi da baƙin yashi.

Na daɗe a tsugune ina kallon hannuna. Wato mutumin nan ya juye irina ya ajiye. Ya nemo tsohon iri da ya mutu, ya ga bai kai nauyi ba, ya sa aka daka gawayi, aka tankaɗe don ya zo daidai da girman ƙwayar, aka haɗa da yashi. Sannan ya ɗebi nawa ya shimfiɗa a sama, domin ya san tsoho zai buɗe ya shinshina. Wannan ba aikin wanda yunwa ta kama ba ne. Aikin nutsuwa ne, na wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Manomi ne kuma, tunda ya san warin iri, ya san abin da fangali marar tsiro yake yi wa gida. Da ya gama ya wanke hannunsa, ya ɗauki waya ya yi wa iyayena addu'a. Tuwon ranar kasa cinsa na yi. Duk lomar da na kai baki sai in ji muryar nan tana cewa Allah ya ƙara girma.

Na kai ƙara wurin masu kasuwar. Wata yarinya ta kira ni, mai ladabi ce, ba ni da abin cewa a kanta. Ta ce in turo hoton abin da na aika da na abin da aka dawo min da shi. Na tura.

"Baba, ai duk iri ɗaya ne a hoton."

"Shi ya sa nake gaya miki, 'yata. Ba a gani da ido."

"Ka ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe kayan?"

"Wa yake ɗaukar bidiyon kwance jakarsa?"

"To gaskiya, Baba, lokacin ƙorafi ma ya wuce."

Na ce mata iri ba ya magana sai ya kwana a ƙasa, lokacinsu kuwa ya fi na tsiro gajarta. Ta ce za ta isar. Ban sake jin komai ba.

Na aika wa mutumin saƙo. Ban zage shi ba, na gaya masa abin da na gani a ƙwarya. Ya amsa da murya mai sanyi: "Subhanallahi. Baba, zato zunubi ne. A shekarunka bai kamata ba. Amma na yafe maka." Daga nan ya toshe ni. Bayan 'yan makonni mijin 'yata ya nuna min shafinsa a wannan kasuwar dai. Ga fangali kore shar, yana tallar dashen albasa, ya rubuta cewa amana ita ce jarinsa. Ba zan iya rantsuwa cewa irina ne ba. Na dai miƙa wa yaron wayarsa na fita waje na tofar da yawu.

Abin da ya rage shi ne taubashina. Na same shi a bakin fangalin, na gaya masa komai, har da ƙullin da na gani na yi shiru. Na so ya zage ni, ya kira ni bawa, ya ce tsufa ya cinye min hanci. Bai yi ba. Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Ba komai, Malam. Haka Allah ya so." Tunda muke bai taɓa ce min Malam ba.

Ina da nawa fangalin, ɗan ƙarami, wanda na yafa da wuri don samun albasar da zan ajiye ta iri. Da ya isa dashe na tuge shi duka, na ɗora a amalanke na kai filinsa. Ya ce a'a, na ce ba shawara na zo yi ba. Muka dasa tare. Bai kai rabin filin ba. Sauran ya zuba masa alayyahu da latas, abin da ba ya biyan haya. Gidansa ba su kwana da yunwa ba, amma san huɗar bai dawo ba, da damina ta zo aron na wani ya yi. Duk tsawon ranin muna gaisawa a masallaci da ladabi, yana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙo.

Ban rufe shagon ba, domin mutanen kirki sun fi yawa a cikin masu sayen. Amma duk abin da ya fita daga hannuna ya dawo, ba ya sake shiga hannun kowa. A ƙwaryar ruwa yake fara sauka.

Da ƙarshen damina ya zagayo, ina zaure ina auna iri, sai na ji sallamarsa. Ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsumma, ya riga ya jiƙa shi tun daga gida, har ya ɓata masa riga. Ya shimfiɗa a gabana.

"Zuba nan, bawa," in ji shi. "Daga ƙasan buhun za ka ɗebo, ba daga sama ba."

Na nutsa hannu har gwiwar hannu na ɗebo masa. Ya ƙulle, ya mayar aljihu, ya ce zai dawo in ya ga saiwa.