Waƙar Yaye a Bakin Turmin Gwaggo

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, babu yaron da aka yaye bai samu waƙarsa ba. Na ce babu, amma waɗanda na sani nake nufi, ba zan rantse a kan na kafin haihuwata ba. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ke yin waƙoƙin. Ba zabiya ba ce, ba ta taɓa tsayawa a fili gaban makaɗi ba, kuma in aka kira ta mawaƙiya sai ta ɗaure fuska. Abin da aka sani shi ne, in lokacin yaye ya yi a kai mata yaro, uwar ta koma gidanta, yaron ya yi 'yan kwanaki yana kuka yana shan kunu, ranar da aka zo ɗaukarsa a tarar waƙarsa ta fito. Matan gida su ɗauke ta a wurin daka, ta bi mai ita har girma. Yayana ya fara furfura yanzu, amma in ya sauko daga amalanke da tasa ake tarbarsa, yana zagin kowa yana dariya.

Na daɗe ina kallon yadda take aikin, don haka ina ganin zan iya faɗinsa ba tare da ƙari ba. In ta idar da sallar asuba ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. Takan share gindin bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gida, ta mirgino turmi, ta goya yaron, ta zuba hatsi ta yayyafa masa ruwa. Ba ta karya kumallo sai ta gama. Surfe kaɗai take yi wa waƙa. Ta ce sussuka hayaniya ce, ribɗi kuma yana cinye numfashi. Da farko ba kalma, sai wani gunji ta hanci da ke bin taɓarya. Washegari kalma biyu ko uku su shigo, wasu su kwana, wasu ta watsar da su ba a ƙara ji ba. A kwanakin nan ba ta yarda kowa ya sa mata taɓarya ta biyu a turmi. Da ta juye ta ɗauki faifai, shi ke nan an rufe. In ka tambaye ta da rana me ta rera da safe, sai ta ce ta manta, a je a tambayi turmi. Ko da injin niƙa ya zo garin, ta yarda a kai masa gari, amma surfe ta riƙe abinta.

Ina jami'a a Maradi wani malaminmu ya taɓa yi mana bayanin cewa kusan kowane mai ƙirƙira yana da lokacinsa da wurinsa da 'yan tsarabe-tsarabensa, in aka taɓa su aikin ya tsaya. Ban san ko hakan ya shafi kowa ba. Na dai tuna gindin bedin nan, na ji wani daɗi a raina.

Shekarar da yarinyata ta isa yaye, ina aiki a wani buro, wato ofis, a Agiye, kafaɗar Gwaggo ta dama ta ƙi. Tun damina take fama, likita ya ce kada ta ƙara ɗaga taɓarya. Ta yi masa gardama, aka ce, amma kafaɗar ce ta yanke hukunci, don ko buta da ƙyar take ɗauka. Duk da haka ta aiko cewa a kawo mata yarinyar kamar yadda aka saba. Na kai ta a bayan moto, wato babur, na miƙa, na juyo ban waiwaya ba.

A hanya abu ɗaya ke cina: wannan yarinya za ta zama ta farko a gidan da ba ta da waƙa. Wataƙila wani ya ce ƙaramin abu ne. A wurina ba ƙarami ba ne, don na san yadda ake gane ɗan gida a taron biki, in aka ɗauko tasa kowa ya juyo ya dube shi. Kuma ba ni da bakin magana. 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na kira a gaban manya, balle in buɗe baki in tambayi abin da aka tanadar mata. Sai na riƙa bugo wa matar yayana waya ina tambayar lafiyar awaki da yadda wake ya yi, ita kuwa ta gane, ta riƙa ba ni labari ba tare da na nema ba. Ta ce Gwaggo tana goya yarinyar kullum da safe, tana zama kusa da turmi 'yan matan gida suna surfe. Ta gwada wannan ta gwada waccan. Hannunsu lafiyayye ne, ba ya kuskure, amma da sun fara sai tsofaffin waƙoƙi su biyo, Gwaggo ta yi tsaki ta tashi. Har ta sa aka ɗora mata hannun hagu a kan taɓarya, bai yi ba.

Na koma ranar Juma'a da yamma, da niyyar mu taho ranar Lahadi. Gwaggo ta rame. Ba ta ce komai a kan waƙa ba, ni ma ban ce ba. Yarinyar ta dube ni daga bayan zanenta, ta yi taku biyu za ta zo, ta tsaya tana duban ƙasa, sannan ta ƙaraso. Haka take tafiya tun da ta fara, har nakan damu ko wani abu ne a ƙafar.

Da safe gida ya watse, kowa ya tafi roron wake. Ga hatsin fura a ƙwarya, babu mai surfawa. Rabona da taɓarya tun ina kwaleji. Na mirgino turmin da kaina na kai gindin bedi, ba don komai ba sai don can ne inuwa. Gwaggo ta fito da goyo ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne. Na fara. Tsorona kada in farfasa hatsin, don haka in na yi 'yan bugu sai in dakata in leƙa cikin turmi, in ga ko dusa ta fara tashi, sannan in ci gaba.

"'Yar lakol," in ji Gwaggo, haka take kiran mu 'yan boko, "hatsin nan ba takardar buro ba ne, ba sai kin karanta shi ba."

Na ba ta haƙuri, na ce zan yi a jere. Na daure na yi a jere na ɗan lokaci, amma hali ya rinjaye ni, na sake tsayawa na leƙa. Can na lura ta kasa kunne. Ta matso da kujerar, ta ɗora tafin hannunta na hagu a jikin turmin. Na ɗauka wani gyara za ta yi mini, sai na ƙara sauri.

"A'a, ɗiyata. Koma yadda kike yi. Kar ki gyara komi."

Na koma. Bugu, bugu, in tsaya in duba. Sai na ji gunjin nan ta hanci, wanda na sani tun ina ƙarama. Yana bin taɓaryata, in na tsaya shi ma ya tsaya, ya jira ni. Na ji tsoron kada in ɓata. Amma da na yi tunani, babu abin da zan ɓata, tunda abin da ake so a wurina shi ne abin da ban iya bari ba. Hatsin ya surfu har ya so ya wuce, ta ce in juye in zubo wani. Ranar mun surfa na kwana uku ko fiye, matar yayana ta dawo daga gona tana tambaya ko biki za a yi ba a gaya mata ba.

Ban tafi Lahadi ba. Na bugo wa shugabana na nemi alfarmar kwana biyu, ina ta kame-kamen dalili, ya ce in dai ba rashin lafiya ba ne to madalla. Kalmomin sun zo a safiya ta uku. Farkonsu ke nan, in ban sauya wani abu ba:

Taka ki tsaya, ɗiyar mai dubawa,
ƙasa ta ce ki zo, ba ta ƙi ki ba.

Tsakanin layin farko da na biyu akwai shiru, daidai tsawon leƙa turmi. Matan gida suna tsaye suna ji. Aka yi guɗa, aka juyo ana dubana. Ni kuwa uwar 'yar fari, ba ni da ikon ko murmushi. Na ɗauki faifai na juya baya na hau bakace, na bar dusa ta zama dalilin abin da ke idona.

Ban ce ni na yi waƙar ba. Gwaggo ce ta yi ta, daga farko har ƙarshe. Iyakar abin da zan iya cewa, kuma ina ganin ba zai zama yabon kai ba, shi ne shirun da ke tsakiya daga hannuna ya fito.

Bara mun je bikin wata ƙanwata a Sae Sabuwa. Ina zaune a zaure na ji matan dangin ango, waɗanda ban taɓa gani ba, suna lugude a bayan danga. Suka ɗauko waƙar yarinyata. Taɓare huɗu ko biyar suna sauka tare, sai duk suka tsaya cak a sama, sannan suka sauko. Wata daga cikinsu tana yi wa ƙawarta faɗa cewa kullum sai ta riga mutane, wannan waƙar jira ake yi mata. Yarinyata tana wasa a bakin ƙofa. Ta ɗago kai, ta saki abin da ke hannunta, ta nufi wajen dangar tana gaya wa kowa tata ce. Ta yi 'yan taku, ta tsaya ta dubi ƙasa, sannan ta shige wurinsu.