Dokin da Baba Ya Tsinto a Kwari

Wata ranar Lahadi ce a cikin watan Agusta, ina aji huɗu a firamare, muna dawowa daga coci ni da Baba ta gefen kwarin da ke bayan Nasarawo, sai muka hango wani abu ja a tsaye ƙarƙashin dalbejiya. Na ɗauka saniya ce. Da muka matsa sai ga doki, amma wane irin doki! Haƙarƙarinsa a fili, ƙuda sun baibaye shi, igiyar dabaibayi ta ci ƙafarsa ta gaba har ta nutse cikin nama, wurin yana ta ruwa yana wari. Baba malamin makaranta ne, mutumin Billiri, a zuriyarmu kaf ba wanda ya taɓa riƙe linzami. Amma ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo mini littafin waƙoƙinsa ya naɗe hannun riga. Da muka tambayi mai unguwa, ya ce mai dokin ya daɗe da cire rai da shi, in Malam yana so ya ɗauka. Tafiyar da ba ta wuce ta minti goma ba, sai da ta kai mu la'asar, don da ƙafa uku yake dogarawa.

Mama ta yi faɗa kamar ta ari baki. Ina za mu ajiye shi, tsakanin kejin kaji da igiyar shanya? Amma ita Mama, bakinta ne kawai da zafi. A gidanmu ba a ba baƙo abinci kaɗan, abin kunya ne, ko da kuwa mu za mu kwana da yunwa. Tana gama faɗan ta shiga ɗaki ta kinkimo daron wanki, ta cika shi fal da geron kununmu, ta ƙara dusa a kai. Dokin ya cinye tas, mu kuwa muna ta tafi, wai mun yi abin kirki.

Da gari ya waye muka tarar da shi a kwance, cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana ta birgima yana nishi. Baba ya ruga ya kira Bappa Hammadu, wani tsohon Bafulatani maƙwabcinmu da ya yi rayuwarsa yana kiwon dawakin mutane. Bappa ya dubi daron, ya dubi Mama, ya kama baki. "Maman Ladi, dokin da ya yi wata yana yunwa kika ba gero daro guda? Ai da kaɗan-kaɗan ake farawa!" Ya ɗura masa ruwan kanwa da man gyaɗa ta bakin kwalba, sannan ya faɗa mana gaskiya: in bai miƙe kafin rana ta faɗi ba, hanjinsa zai murɗe, sai dai a haƙa rami.  Ranar Mama ko girki ba ta ɗora ba.

Ƙartin unguwa shida suka zura buhuna a ƙarƙashin cikinsa suka yi ta ɗagawa, a banza. Da la'asar Bappa ya kore su duka, ya ce hayaniyar ta isa. Ya zauna a ƙasa wajen kan dokin, ya ba ni reshe in riƙa korar ƙuda, shi kuma yana murza masa ciki yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga kunnen dokin yana juyawa yana bin muryar. Inuwa ta haye katanga, kaji sun fara komawa keji. Can sai dokin ya miƙa ƙafafun gaba, har da mai ciwon, ya zauna kamar kare. Ni na saba da awaki da ke fara ɗaga baya, na zata mutuwa ce ta zo, na fasa kuka. Sai ya yi wani yunƙuri, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashina, ga shi a tsaye, ya tare mini ranar baki ɗaya. Ya girgije jikinsa ya yi haniniya, har 'yan acaɓa suka tsaya a ƙofar gida. Ban taɓa sanin akwai halitta mai girma haka ba. Mama ta durƙusa a tsakar gida da zanenta na aiki tana godiya ga Allah.

Sauran aikin ƙafa ne. Baba ya so ya zuba baƙin mai, yadda ake yi wa awaki a ƙauye, Bappa ya ce in ya kuskura ba zai sake taka gidan ba. Kullum safe kafin in sa kayan makaranta nakan wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, in shafa zuma, in ɗaure da tsumma mai tsabta. Da yamma in tafi bakin kwari yankan ciyawa, ƙawayena suna 'yar gala-gala suna kirana matar doki. Mama ce ke auna masa dusa da gwangwanin madara, ba ta yarda kowa ya taɓa. Kafin kaka ciwon ya rufe, farin gashi ya fito ya zagaye wurin kamar munduwa. Gidan haya ba wurin doki ba ne, don haka bayan Kirsimeti Bappa ya kai shi rugar ƙaninsa, na yi kwana biyu ba na yi wa kowa magana.

Yanzu gidaje sun cinye wurin da dalbejiyar take, keke-napep ne ke wucewa, Baba da Bappa duk sun riga mu gidan gaskiya. Bara Mama ta yi doguwar jinya, da ta fara samun sauƙi ta ce in cika mata kwano da tuwo. Na ƙi, na riƙa ba ta kunu cokali-cokali. Ta harare ni ta ce, "Ladi, kin mai da ni dokin Babanki ko?" Muka yi dariya har hawaye, ta buɗe baki ta karɓi cokalin. Ita ma ta tashi.